Yadda ake sake neman gurbin karatun likita

Duk shekara idan jami'o'i suka saki sunaye, ɗalibai da yawa masu son karatun likita ba sa ganin nasu, kuma ba lallai don sun gaza ba. Hukumar MDCN ce ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan waɗanda za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da asibitin koyarwarta. Shi ya sa a Zariya ko Bayero mai maki mai kyau ma yakan tsaya a waje. To amma wanda ya koma da irin shirin bara, sakamakon bara zai samu.

Kafin ka kashe ko kwabo, nemo inda ka yi tuntuɓe. Ɗauko takardar sakamakon JAMB, ka bar kallon jimillar, ka dubi darussan ɗaya bayan ɗaya: Turanci, Bayoloji, Kemistiri, Fiziks, kowanne maki 100. Wanda ya ci 75 a Bayoloji da 48 a Fiziks ya san inda zai tare a bana, ko da kuwa Bayolojin ya fi masa daɗin karatu.

Sai sakamakon WAEC ko NECO. Ana son kiredit biyar, darussan nan huɗu da Lissafi, kuma wasu jami'o'in ba sa karɓa sai a zama ɗaya. Wasu ma suna saka darajar kiredit ɗin cikin lissafin maki, ka ga C6 ba ta yi wa mai ita adalci ba. In haka ne, sake zana jarrabawar ƙarshen shekara. Sannan ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita a ɗora maka sakamakon, ka tsaya ka gani da idonka ya hau. Sakacin rashin ɗora shi ya fi komai ciwo, domin jami'a ba ta da yadda za ta yi da wanda shafinsa ke nuna yana jiran sakamako.

Makin JAMB ba ya kwana zuwa wata shekara, dole a yi sabuwar rajista da lambar NIN. Duba sunanka da ranar haihuwa su dace da na sauran takardunka. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kowace tambaya, don haka karatu a kan tabarma kaɗai ba ya isa. Bi manhajar JAMB, ka riƙa amsa tsoffin tambayoyi a kwamfuta da agogo a gefe, ka kuma zana jarrabawar gwaji.

Zaɓen jami'a kuwa a bar son suna. Jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin yankinsu, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimi. Sa wadda jiharka ke cikin yankinta a zaɓin farko, ka binciki yadda take tantancewa bayan JAMB. Ga Sakkwato da Maiduguri, ga Gombe, duk likitoci suke yayewa.

Akwai kuma hanyar IJMB, wadda ABU ke kula da ita, mai kai mutum aji biyu kai tsaye. Guraben ta nan kaɗan ne, sai mai maki na sama. Masu karɓar wani kwas da niyyar sauyawa daga ciki kuma, a ganina su ɗauka kwas ɗin za su gama, domin sauyin ba kasafai yake yiwuwa ba.

Iyaye, duk wanda ya ce ku kawo kuɗi yana da hanya, ku riƙe kuɗinku. Gurbin da bai fito a shafin JAMB na CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba.