Garuruwa da Tsibiran Ƙasar Hellas

Abin karantawa: Ayyukan Manzanni 16 zuwa 18, Ru'ya ta Yohanna 1.

Da yawa cikinmu muna karanta sunayen Filibi da Atina da Koranti, muna tsammani wuraren nan sun ɓace tuntuni. Ba haka ba ne. Suna nan cikin ƙasar Hellas, wadda a ke kira Girka, a bakin Bahar Rum, baƙi kuwa suna zuwa ganinsu kowace shekara.

Matafiyi ya kan soma daga Kabala, watau Niyabolis ta dā, inda Bulus ya sauka daga jirgi. Filibi tana wajen mil 9 daga nan, amma kufai ce yanzu. A kan nuna wa baƙi wani ɗakin dutse, a ce nan aka kulle Bulus da Sila. Masana sun ce ma'ajin ruwa ne na Romawa. Sai mu yi hankali da maganar 'yan jagora. A Atina kuwa har yanzu ana hawan Tudun Arasa, inda aka kafa allon tagulla ɗauke da wa'azin Bulus.

Koranti ta fi koya mana. Girgizar ƙasa ta rushe garin a 1858, aka gina sabo a bakin teku, daga baya masu tono suka buɗe tsohon birni. Ga kasuwa, ga dakalin shari'a inda a ke zaton an kawo Bulus gaban Galiyo. A Delfi kuma an sami wasiƙar Kaisar Kalaudiyas a sassaƙe kan dutse, da sunan Galiyo a ciki. Ta wurinta mun sani Bulus yana Koranti wajen shekara ta 51.

Tsibiran ƙasar dubbai ne, amma waɗanda a ke zaune cikinsu ɗari biyu ne da 'yan kai. Batmusa ƙaramin tsibiri ne mai duwatsu, mutanensa wajen 3,000. Ba shi da filin jirgin sama, sai a shiga jirgin ruwa, tafiyar wajen awa 8 daga tashar Atina. Bisa tudu akwai gidan sufaye da Kiristodulos ya kafa a 1088, mai ganuwa kamar ta birni saboda 'yan fashin teku. A tsakiyar hawan akwai kogo inda mutanen wurin su ke cewa Yohanna ya ga ru'ya. Littafi dai ya ambaci tsibirin, bai ambaci kogo ba.