Yadda Ake Karanta Doki Kafin Sukuwa: Darasin da Bijimai Biyu Suka Koya Mini

Ni ɗan Batsari ne, ina karatun ƙididdiga, kuma tun ina ƙarami nake bin dawaki. Mahaifiyata 'yar ƙasar Safana ce. Can wurin ƙanenta, wanda muke kira Kawu, na koyi ɗaura sirdi da jan majanyi kafin in iya rubuta sunana. A wannan fitowar ina so mu yi nazarin yadda ake duba dawakin da za su shiga tsere, a ware wanda ya fi alamar cinyewa, ta hanyar bin sakamakonsu na baya-bayan nan. Zan fara da kuskurena, don shi ya koya mini abin da zan faɗa.

Shekarata ta farko a makaranta, Kawu ya kira ni ya ce an yi masa tallar wani danda. Dokin ya shiga tsere uku a jere, duka ya zo na ɗaya. Ya ce, "Kai ɗan boko, tunda lissafi kake karantawa, diba mani, mi ka gani?" Ni kuwa kaina ya kumbura. Na ce, "Kawu, uku cikin uku ai ɗari bisa ɗari ke nan. Ku saya kawai." Ya sayar da bijimai biyu na huɗa, ya cika da kuɗin rogo, aka kawo danda aka ɗaure a turke.

Bayan wata biyu muka kai shi wata sukuwa ta mita 2000, fili mai rairayi. Da aka sake su, danda ya fita kamar kibiya, har na fara tsalle. Kafin a kai rabi ya fara haki, wuyansa ya yi kumfa, dawaki suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Na biyar ya zo cikin bakwai. A mota muna komawa Kawu bai ce mini uffan ba. Sai da muka sauka ya ce, "Lissahin naku na makaranta bai san rairayi ba ko?" Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunya. Damina ta zo, sai hayar shanun huɗa ya yi.

Daga ranar na sayi littafin rubutu mai shafi tamanin, na fara rubuta duk tseren da na kalla ko aka turo mini bidiyonsa. Ga matakan da na tsara daga ciki.

Mataki na ɗaya: rubuta sakamakon a jere

A Ingila, inda aka fara tseren Epsom Derby tun 1780, takardar da ake raba wa 'yan kallo tana ɗauke da wasu lambobi a gefen sunan kowane doki. Kowace lamba matsayin da ya zo ne a tseren baya, kuma ta ƙarshe a hannun dama ita ce ta kwanan nan. In an ga sifiri, dokin bai shigo cikin tara na farko ba. Mu nan ba mai buga mana wannan takarda, don haka kai za ka yi wa kanka. Tsere uku zuwa biyar na ƙarshe sun isa. Ga misali daga littafina, na dawaki uku da suka shiga wancan tseren da ya ba ni kunya:

Danda: 1, 1, 1
Akawal: 4, 3, 2
Kili: 1, 2, 5

Mai gaggawa zai ce danda. Amma dubi inda kowane ya dosa. Akawal hawa yake yi, kowane tsere ya fi na baya. Kili gangarowa yake yi, wataƙila gajiya, wataƙila ciwo a ƙafa. Akawal ɗin ne ya ci a ranar. Da na jera lambobin nan tun farko, da aƙalla na yi shakka.

Mataki na biyu: da wa ya kara?

Na ɗaya a cikin ragwaye bai kai na uku a cikin zarata ba. Ɗalibin da ya zo na ɗaya a aji mai mutum biyar, da wanda ya zo na uku a aji mai mutum ɗari biyu, kai ma ka san ba ɗaya ba ne. Masu harkar suna raba dawaki aji-aji: 'yan Arewa, wato namu na gida, da 'yan Sudan, da Talon, sannan na Turawa waɗanda aka haifa don gudu kawai. Ko a cikin aji ɗaya ma akwai manya akwai yara. Da na bincika daga baya, sai na tarar duk tsere ukun da danda ya ci na ƙauye ne, da dawakin hawan Sallah ya kara, masu ƙiba da ado, waɗanda ba a horar da su don gudu ba. Shi kuwa akawal na biyun da ya zo, a bayan wani doki ya zo wanda duk yankin ake shakkarsa.

Dabara mai sauƙi ita ce ka nemi dokin da ya taɓa karawa da su biyun. In kili ya taɓa biyo bayan danda da tsawon doki ɗaya, amma akawal ya ba shi ratar tsawon doki shida, to ka samu ma'auni ko da danda da akawal ba su taɓa haɗuwa ba.

Mataki na uku: nisa da lokaci

Nan ne na fi yin sakaci. Duk nasarorin danda a mita 1000 ne ko ƙasa da haka. Akwai dokin da ƙarfinsa a tashin farko yake, akwai wanda sai an yi nisa yake buɗe wuta. Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Wannan rarrabewa ba sabuwa ba ce. Ya tabbata a hadisin Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya sa an yi tseren dawaki a Madina, waɗanda aka horar aka ba su nisa mai tsawo, waɗanda ba a horar ba aka ba su gajere.

Wayarka tana da agogon auna gudu, ka yi amfani da shi. Tsawon fili kuma ka tambayi masu shirya tseren, ko ka zagaya shi da babur mai mita mai aiki. Daga nan sai lissafin da muka yi tun sakandare: nisa a raba da lokaci. Danda ya yi mita 1000 a sakan 68, wato kusan mita 14.7 a kowane sakan. Akawal, a tseren da ya zo na uku, ya yi wannan nisan a sakan 65, kusan mita 15.4 a sakan. Sakan uku kamar ba komai ba ne a baki, amma da tare suka tashi, lokacin da akawal zai taka layi danda na bayansa da kusan mita 44. Ka ga na uku ya fi na ɗaya gudu. Sharaɗi dai shi ne kada ka gwada lokacin fili biyu mabambanta kai tsaye.

Mataki na huɗu: ƙasar fili

Wanda ya san yankinmu ya san ƙasa ba iri ɗaya ba ce. Akwai jigawa mai rairayi inda kofato ke nutsewa, akwai fako mai tauri kamar daɓe, akwai laka ta fadama da ke kama ƙafa in an yi ruwa. Rairayi yana cin ƙarfin doki, sai mai faɗin ƙirji da dogon numfashi. Fako yana ba da gudu, amma yana wahalar da dokin da ke da tsohon ciwo a ƙafa. Saboda haka a gefen kowace lamba ka rubuta harafi ɗaya: R don rairayi, F don fako, L don laka. Doki mai 1F, 1F, 1F bai gaya maka komai ba game da abin da zai yi a R. Wannan shi ne danda.

Mataki na biyar: mahayi, nauyi da hutu

Doki ba shi kaɗai yake gudu ba. Yaron da ya san dokinsa ya san lokacin da zai riƙe linzami da lokacin da zai saki. Sabon mahayi yakan ƙone ƙarfin doki tun zagayen farko, don ihun 'yan kallo ya ɗebe shi. In ka ga an sauya mahayi, ka sa alamar tambaya. Haka nauyi: bambancin kilo biyar ba zai nuna sosai a gajeren tsere ba, amma a mita 2000 sai ka gan shi ƙarara.

Sai kuma kwanan wata. Dokin da ya yi tsere kwana huɗu da suka wuce, aka kuma loda shi a mota aka yi doguwar tafiya da shi, bai gama hucewa ba. Wanda kuma ya yi wata biyar a turke yana cin dusa da harawa ba kilisa, tsohon sakamakonsa ya zama tarihi. Wannan ya shafe mu sosai. Matsalar tsaro da ta taso daga dajin Rugu ta sa mutane da dama a Batsari da Safana sun daina fita kilisa bayan gari, wasu sun kai dawakinsu Katsina ko Dutsin-Ma ajiya, wasu sun sayar. A 2021 har layukan waya aka rufe mana na wani lokaci, littafina ma akwai giɓi a wannan shekarar. Dokin da ka sani gwani kafin wannan hali, kada ka ɗauka shi ne dai yau. Sai ka sake ganinsa da idonka.

Mataki na shida: je ka gan shi

Gani ya kori ji. Ka isa fili da wuri, ka zagaya inda aka ɗaure su. Kawu ya koya mini abin da ba ya cikin lissafi: gashi mai sheƙi, ido garau, kunnuwa a tsaye suna bin motsi, taku daidai ba ɗingishi. Dokin da ya jiƙe sharkaf da gumi tun ba a hau shi ba, yana ta fizge-fizge, ya riga ya kashe rabin ƙarfinsa. Bayan tsere ma ka koma ka duba wanda numfashinsa ya fi saurin daidaita. Shi ne za ka sa wa ido in an ƙara nisa a gaba.

Iyakar wannan ilimi

Duk wannan fa ƙiyasi ne, ba duba ba. A ƙasashen da ake ajiye cikakken bayanin kowane tsere, dokin da aka fi sa wa rai yakan ci kusan sau ɗaya ne cikin uku. A Amurka, a tseren Kentucky Derby na 2022, wani doki mai suna Rich Strike, wanda sai ana gobe tsere ya samu gurbi saboda an janye wani, shi ya zo ya cinye, masana suka bi shi da kallo. Ni ma a littafina, duk da matakan nan shida, kuskurena ya fi dacewata yawa. Abin da ya ragu shi ne kuskuren wauta irin na farko.

Wannan ya kawo ni kan abin da ba zan rufe ba sai na faɗa. Na san a ɗakunan kwananmu akwai masu manhajar caca a waya, yau ƙwallo, gobe dawakin Turai. Wani abokina da ya ga littafina cewa ya yi, "Kai, ai kuɗi kake zaune a kai!" Na ce masa ya karanta aya ta 90 a Suratul Ma'ida, sannan ya zo mu yi lissafi. Kamfanin caca yana tsara farashinsa ne yadda ko wane doki ya ci, shi ya riga ya cire rabonsa. Bai ji ba. Kuɗin rajistarsa na zango na biyu a can suka tafi, sai da yayarsa ta sayar da akuyoyinta. Wanda ya karanci ƙididdiga ya kuma shiga caca, ya yi asarar karatun da kuɗin gaba ɗaya.

To ina amfanin nazarin? Mai doki yana so ya san tseren da ya dace da dabbarsa kafin ya biya kuɗin shiga da na mota. Mai saye yana so ya san abin da yake saye. Masu shirya sukuwa suna bukatar wanda zai riƙe musu bayanai tsaf, kuma wannan gurbi ne da har yanzu yake neman masu shi. Mu a Katsina doki gadonmu ne. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa ƙwallon dawaki a garin. Ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi suna a wasan har ƙasashen waje, jikansa Janar Hassan Usman Katsina ma ɗan wasan ne. Har gobe in Sarkin Ruma ya taso daga Batsari, Yarima ya taso daga Safana don hawan Sallah, dawakinsu abin kallo ne. Abin da muka rasa shi ne rubutu. Sakamakon tserenmu a bakin mutane yake, kowa kuma nasa yake yabo.

Shi kuwa danda yana nan. Bayan na cika shafuka da dama na koma wurin Kawu na ce, "Kawu, dokin nan ba rago ba ne, mu ne muka kai shi inda ba nasa ba. Ku bar shi a mita 1000, a fako, ku samo yaro marar nauyi." Ya dube ni ya ce, "Wannan karon in ka yi kure, kai za ka ja garma." Muka jira har aka samu irin wannan tseren. Na biyu ya zo, da ratar wuya kawai, kuma kyautar ta biya kuɗin mota har da ragowar na dusa. Bijimai dai ba su dawo ba tukuna, amma Kawu ya koma kirana in zai yanke shawara.

Aikin gida ga mai sha'awa: ka zaɓi dawaki uku, ka bi su tsere biyar, ka rubuta matsayi, nisa, lokaci, ƙasa, mahayi da kwanan wata. Kafin kowane tsere ka rubuta hasashenka da dalilinsa, bayan an gama ka rubuta abin da ya faru, kada ka goge inda ka faɗi. Allah Ya ba mu zaman lafiya a yankunanmu, Ya ba mu sa'ar jarrabawa. Amin.