Darasin Mako: Maƙwabcin da Ba Mu San Sunansa Ba



Yawancinmu neman halal ne ya kawo mu Yerwa, wasu daga Kano, wasu Katsina, wasu Damagaram. A can gida, in ka wuce dattijo ba gaisuwa, kafin la'asar magana ta riga ka isa gida. A nan kuwa, daga Bulunkutu zuwa Kasuwar Litinin a keke napep, fuska nawa za ka gani? Zuciya ba ta iya ɗaukar kowa, sai ta koyi kau da kai don ta huta. Matsalar ita ce, halin da aka koya a titi yakan biyo mutum har zaure.

Shekarun rikici tun 2009 sun ƙara mana wani abu: dokar hana fita, shingayen bincike, da tsoron baƙuwar fuska. Muka saba da "ba ruwana". Alhamdu lillahi tsaro ya inganta, amma ɗabi'ar ta zauna. Yau sai a yi shekara a gidan haya ɗaya, ana ɗibar ruwa a famfo ɗaya, ba a san sunan juna ba.

Mu tuna ranar 10 ga Satumba 2024, da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange, Fori da Gamboru cikin dare. Wa zai buga ƙofar tsohuwar da ke ɗakin baya in ba wanda ya san tana nan ba? Haka bayan gobarar Kasuwar Litinin a Fabrairun 2023: wanda jarinsa ya ƙone, wurin wanda ya san amanarsa kawai zai samu bashin kaya.

A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, Allah ya yi umarni da kyautata wa maƙwabci na jini da wanda ba na jini ba. Babarbaren da ke gefenmu, Bashuwe da Babur, duk suna ciki.

Aikin wannan mako:

1. Kowane magidanci ya san sunayen masu gidaje uku na dama da uku na hagu.
2. Mu koya wa yara gaida manya, har da "wushe" ta Barebari.
3. Wanda aka kwana biyu ba a gan shi a sahu ba, a taka a dubo shi, kada a tsaya ga waya.

Zumunta a ƙafa take. Allah ya zaunar da Borno lafiya, ya sa albarka a kasuwancinmu. Amin.