Darasin Tarbiyya: Rabon Ƙananan Yara a Ibadar Gida da Fitar Iyali

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya sanya ƴaƴa sanyin idanu, kuma amana a wuyan uwaye. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ƙananan yara, daga mai shekara 2 zuwa mai shekara 7 ko 8, da yadda za a riƙe hankalinsu idan iyali sun tsaya ibada cikin gida, ko sun fita idi, ko ziyara, ko doguwar tafiya. Uwaye da yawa suna kuka da wannan al'amari. Uwa ta kabbara salla, yaro ya kama hijabinta yana ja. Uba ya buɗe Alƙur'ani, hayaniya ta hana shi gane abin da yake karantawa. Maganin da aka fi yi iri biyu ne: ko a yi wa yaron tsawa da bulala, ko a miƙa masa salula a ce ya tafi can ya zauna. Na farko yakan sa yaro ya riƙa jin faɗuwar gaba duk lokacin da ya ga an shimfiɗa tabarmar salla. Na biyu yakan sa ya tashi baƙo ga ibadar gidansu. Hanyar da shari'a ta nuna ita ce a ba yaro rabonsa cikin abin da ake yi, daidai ƙarfinsa da hankalinsa.

Matsayin yaro a shari'a

Wajibi ne mu fara sanin cewa yaro ba mukallafi ba ne. Ya tabbata a hadisi cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne yaro har ya balaga. Saboda haka motsinsa da surutunsa a gefen mai salla ba zunubi ba ne a kansa. Nauyin yana kan uba da uwa, waɗanda Allah ya umurta a Suratut Tahrim da su tsare kansu da iyalansu daga wuta, ya kuma yi umurni a Suratu Ɗaha da a hori iyali da salla, a kuma daure a kanta.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi umurni a hori yara da salla idan sun kai shekara 7, a ladabtar da su a kanta idan sun kai 10, a kuma raba musu wurin kwana. Mai karatu ya dubi tazarar da ke tsakanin 7 da 10. Shekara 3 ne cif, kuma idan aka lissafa salloli 5 a kowace rana, za a sami salla fiye da 5,000 da ake tunatar da yaro cikin lallashi kafin a zo maganar ladabtarwa. To, ina hujjar wanda ke dukan ɗan shekara 4 don ya yi dariya cikin sahu? Abin da ake nema ga yaro kafin shekara 7 shi ne sabo da ƙauna.

Shehu Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira (996), ya rubuta Risala ne domin karantar da yara, kuma a gabatarwarta ya kamanta koyar da yaro da zane a kan dutse. Zane kuwa duk abin da aka yi shi ke zama, mai kyau ko maras kyau.

Yadda Annabi (S.A.W.) ya yi da yara

Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa, haka ma Buhari da Muslim, cewa Annabi (S.A.W.) ya yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama, ɗiyar Zainab. Idan zai yi sujada sai ya aje ta, idan ya miƙe sai ya ɗauke ta. An ruwaito daga Malik cewa ya ɗauki wannan a kan halin lalura, wato idan babu mai riƙe yaron. Wannan sauƙi ne ga uwar da ke da goyo, matuƙar ta duba tsarkin jikin yaron da tufafinsa. Malamanmu sun kuma yi rangwame ga mai shayarwa game da fitsarin jaririn da ke taɓa tufafinta, idan tana iyakar ƙoƙarinta wajen kiyayewa, kuma sun so ta keɓe zane na salla daban.

Nasa'i ya ruwaito cewa wata rana ya tsawaita sujada har sahabbai suka zaci wani abu ya faru. Da ya sallame sai ya bayyana musu cewa jikansa ne ya hau bayansa, shi kuma bai so ya gaggauta shi ba har ya gama. Wata rana kuma yana huɗuba, ya hango Hasan da Husaini suna tafe suna tuntuɓe cikin jajayen riguna, sai ya sauko daga mumbari ya ɗauke su. Buhari ya ruwaito cewa yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan jariri, sai ya taƙaita don kada ya ƙuntata wa uwar. Idan mafificin halitta ya taƙaita sallar jam'i saboda jariri ɗaya, magidanci ya fi cancanta ya taƙaita nafilarsa saboda ƴaƴansa.

A cikin gida

Annabi (S.A.W.) ya yi horo da a riƙa yin wani sashe na salla a gida, kada a mai da gidaje kamar maƙabarta. Ɗaya daga cikin hikimomin haka shi ne yara su gani. Namijin da ke yin dukan sallolinsa a masallaci, har da nafila, ƙananan ƴaƴansa ba su taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba. Ya kamata ya dawo da raka'o'in bayan magariba da shafa'i da wuturi cikin gida.

Sannan a ba kowane yaro aikinsa. Ɗan shekara 3 yana iya ɗauko tabarma. Ɗan shekara 4 yana iya cika buta rabi ya kawo wa babansa. Ɗan shekara 6 a bar shi ya yi kiran salla a tsakar gida, ko da bai daidaita dukan haruffa ba. Yarinya a ɗinka mata ɗan hijabinta, a ba ta wurin tsayuwa kusa da uwarta. Yaron da aka danƙa wa aiki yakan tsare shi da kishi, har ya yi fushi in wani ya riga shi. Idan ya yi raka'a ɗaya ya gudu, a ƙyale shi, a kuma sa masa albarka a kan wadda ya yi. Abdullahi ɗan Abbas (R.A.) ya kwana a ɗakin innarsa Maimuna yana yaro, ya tashi ya tsaya a hagun Annabi (S.A.W.) cikin sallar dare, sai ya juyo da shi dama, suka ci gaba da sallarsu. Gyara ke nan ba tare da kora ba.

Lokacin da ya fi dacewa da zama da yara shi ne tsakanin magariba da lisha, domin sunna ta zo da tsare yara a gida lokacin faɗuwar rana. Zaman kada ya yi tsawo. Sura ɗaya gajera a maimaita ta tare, sannan ƙissa ɗaya: jirgin Annabi Nuhu, ko kifin Annabi Yunusa, ko tururuwar Annabi Sulaimanu. Kakanninmu sun san sirrin tatsuniya, suna canza murya, suna tsayawa su yi tambaya. A yi amfani da wannan gwaninta, da sharaɗin kada a ƙara wa ƙissar Annabawa abin da babu shi. A tashi tun yaro yana son ƙari, don gobe shi da kansa zai nemi a zauna.

Game da azumi, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u ƴar Mu'awwizu (R.A.) cewa sukan sa yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki. Idan ɗayansu ya yi kukan abinci sai a ba shi abin wasan har lokacin buɗa baki ya yi. Ku lura, matan sahabbai sun shirya abin wasan tun kafin kukan ya zo. Sai dai a sani, a mazhabarmu ta Malikiyya babu azumi a kan yaro sai ya balaga, kamar yadda Risala ta bayyana. A ƙasa irin tamu, inda zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, kuma azumin 2020 zuwa 2022 ya faɗo cikin waɗannan watanni, tilasta wa ƙaramin yaro wuni da ƙishirwa cutarwa ce. Al'adar azumin rabin wuni ta isa. A tashe shi sahur in yana so, a ba shi rabon dabino lokacin shan ruwa, a aike shi da kwanon sadaka gidan maƙwabta tare da yayansa.

Masallaci da filin idi

Ya zo cikin Mudawwana cewa an tambayi Malik game da kai yara masallaci, sai ya nuna cewa babu laifi idan yaron ba ya wasa kuma yana hanuwa in an hana shi, amma wanda ƙuruciya ke sa shi wasa bai ga a kai shi ba. Wannan shi ne ma'auni. Hadisin da ake yawan ja, mai cewa a nisantar da yara daga masallatai, malaman hadisi sun raunana shi, saboda haka ba ya zama hujjar korar kowane yaro. Wanda ya zo da ɗansa ya tsayar da shi kusa da shi, kada ya tura shi bayan sahu cikin sauran yara, inda wasa ke tashi.

Ranar idi kuwa, shiri tun daga gida yake farawa. A ciyar da yaro, a shayar da shi, a kai shi bayan gida kafin a fita. A gaya masa abin da zai gani: taron jama'a, da kabbarori, da raka'a 2, da huɗuba. A koya masa kabbara yana yi a hanya. A ba shi sadakar da zai miƙa wa mabuƙaci da hannunsa. Sunna ce a tafi ta wata hanya a komo ta wata, kuma yaro yana murna in aka ce shi zai nuna hanyar komowa. A koya masa cikakken sunan mahaifinsa da sunan unguwarsu, domin cinkoson filin idi, da na hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Damagaram da sauran fadodinmu, wuri ne da yaro ke saurin ɓacewa. Yawon barka da salla ma kada a saki ƙanana su kaɗai tsakanin motoci da babura.

Tafiya da ziyara

Mai tashi daga Yamai zuwa Maraɗi da iyali yana da tafiyar fiye da kilomita 600 a gabansa, ta Doso, da Dogon Dutsi, da Birnin Ƙonni, da Madawa. Babba ma yana gajiya, balle yaro. A tanadi ruwa da ɗan abin taɓawa. A sa shi ya riƙe sunayen garuruwan da aka wuce, ya ƙirga raƙuma ko rumbunan da ya hango, a tambaye shi wane ne ya halicci wannan dutse da wancan gulbi. In an sauka salla, a bar shi ya nemo gabas. Zai tambayi dalilin da ya sa azahar ta koma raka'a 2, sai a gaya masa rangwame ne Allah ya yi wa matafiyi. Annabi (S.A.W.) ya koya wa Ibn Abbas manyan kalmomin tauhidi da dogaro ga Allah yana goye da shi a bayan abin hawa, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Mazauna Yamai kuma suna da gidan tarihi na ƙasa na Bubu Hama, inda yaro zai ga namun daji da idonsa, a haɗa masa da sunayen dabbobin da Alƙur'ani ya ambata.

A gidan ziyara, a gaya masa tun a hanya wurin wa za a je, da dangantakar da ke tsakani, da yadda zai gaishe su. Idan aka kawo abinci, a tuna da Umar ɗan Abu Salama (R.A.), wanda hannunsa ke yawo cikin akushi yana yaro, Annabi (S.A.W.) ya koya masa cikin taushi ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Ya ce bai bar wannan ladabi ba tun daga ranar. Kada a kunyata yaro gaban baƙi, kuma kada a tsawaita zama har ya ƙosa.

Abubuwan kiyayewa

Na farko, alkawarin ƙarya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi da cewa za ta ba shi wani abu, Annabi (S.A.W.) ya tambaye ta mene ne, ta ce dabino, sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Wanda ya ce wa ɗansa ya yi shiru zai sayo masa alawa, to ya sayo.

Na biyu, tsoratarwa da dodo, ko yawan ambaton wuta ga ɗan shekara 4. A fara sanar da shi rahamar Allah da ni'imominsa.

Na uku, hana wasa baki ɗaya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan hijira (1111), ya yi gargaɗi cikin Ihya'u cewa hana yaro wasa da matsa masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa, yana dushe basirarsa. Yaron da ya yi guje-gujensa da la'asar ya fi natsuwa da magariba.

Na huɗu, halin uwaye kansu. Uban da ke latsa salula ana kiran salla ba shi da bakin cewa ɗansa ya tashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Muna kira ga kowane magidanci da kowace uwa su zaɓi aiki ɗaya su danƙa wa ƙaramin cikin ƴaƴansu tun daga magaribar yau, su daure a kansa wata guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa da ƙarfi karya shi yake yi. Allah ya shirya mana zuriyarmu, ya sanya su masu tsai da salla, ya ji ƙan uwayenmu kamar yadda suka rene mu muna ƙanana. Allah shi ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.