Yadda Ake Auna Tasirin Sinadarin Kumfa a Kan Amino Asid

Matan da ke haɗa sabulun ruwa a Kawo da Unguwar Sarki sun san farin garin nan SLS, mai kawo kumfa. Shi ne ɗaliban kimiyyar sinadarai na Jami'ar Jihar Kaduna da ke titin Tafawa Balewa suke kira SDS. Su ba wanki za su yi da shi ba. So suke su gano ko yana sa oksideshan ɗin amino asid, wato ƙwace masa elektron, ya yi sauri ko ya ja ƙafa.

Da fari a tanadi tataccen ruwa, da gilaisin, wanda shi ne amino asid mafi sauƙin gini, da famanganet mai launin shunayya, da ɗan asid. Gilaisin ya ninka famanganet aƙalla sau 10, don kada raguwarsa ta dagula lissafi.

Gwajin farko ba a sa sinadarin kumfa. A gauraya, a zuba a 'yar kwalbar na'urar auna haske da aka saita a nanomita 525, a riƙa rubuta lamba minti bayan minti. Launin zai yi ta dushewa yayin da gilaisin ke wargajewa zuwa fomaldehaid da amoniya da iskar kabon. Lambobin farko su ne abin dogaro, domin manganis ɗin da ke fitowa daga baya shi ma yana ingiza aikin.

Sai a maimaita, kowane karo ana ƙara SDS kaɗan. A nan ne ake buƙatar natsuwa. Kowace ƙwayar SDS tana da kai mai son ruwa da jela mai gudunsa. In sun yi ƙaranci, kowace harkarta take yi. Da zarar sun kai wajen milimola 8 a lita, sai su dunƙule, kusan 60 a ƙulli guda, jela a ciki, kai a waje. Wannan ƙulli shi ake kira maisel, kuma daga nan saurin aikin yakan sauya. Saboda haka dole a gwada ƙasa da wannan iyaka da kuma samanta. Wanda ya tsaya gefe ɗaya rabin labari ya ji.

Dalilin sauyin caji ne. Bayan maisel ɗin SDS negatif ne, famanganet ma haka, don haka ture juna suke yi, alhali gilaisin cikin asid fozitif ne, yana manne wa maisel. An raba masu faɗa ke nan, sau da yawa aikin yakan lafa. Wani sinadarin kumfa mai suna CTAB kuwa fozitif ne, yana dunƙulewa tun a wajen milimola 1, yana janyo famanganet jikinsa, har wani lokaci su haɗu su kwanta a gindin kwalba su ɓata awon.

Abin da na fi ja wa ɗalibi kunne a kai shi ne zafi. In ruwa ya yi ƙasa da digiri 25, CTAB yakan fara komawa ƙanƙara-ƙanƙara, kuma safiyar hunturu a Kaduna ta fi haka sanyi. A ajiye kwalaben duka cikin bahon ruwa mai tsayayyen zafi, kamar digiri 30, kafin a gauraya. In wuta ta ɗauke ana tsaka da awo, a zubar a sake sabo.