Yadda Ake Karanta wa Jariri Littafin Hoto, da Yadda Ake Haɗa Shi a Gida

In aka ce a karanta wa jariri littafi, iyaye da yawa dariya suke yi: yaron da ko zama bai iya ba, me zai gane? Alhali tun yana cikin zanin goyo yake tara kalmomi, kuma a bakin masu renonsa yake tsintarsu. Amfanin littafin hoto shi ne ya ba ki dalilin zama da yaro, ki nuna masa abu, ki kira sunan abin, ki jira ki ga yadda zai amsa. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara wannan tun daga haihuwa. A Afirka ta Kudu kuma, a unguwar Khayelitsha, an koya wa masu reno yadda ake kallon littafi tare da yara 'yan wata 14 zuwa 16 har tsawon mako 8. Sakamakon da aka wallafa a 2015 ya nuna yaran sun fi takwarorinsu yawan kalmomi da tsayar da hankali.

Ga mazauna Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela, irin littafin nan mai kauri da ake yi wa jarirai ba ya cikin kayan da ake cin karo da su kullum a kasuwa. Wannan bai hana komai ba. Ga matakan da za ki bi, ko kin yi boko ko ba ki yi ba.

Mataki na ɗaya: zaɓi littafi daidai da watannin yaro

Sabon haihuwa ba ya gani sosai sai abin da ke kusa, kamar santimita 20 zuwa 30, wato tazarar da ke tsakanin idonsa da fuskarki lokacin shayarwa. Daga suna zuwa wata uku, abin da ke jan idonsa shi ne fuskar mutum da zane mai baƙi da fari. Littafin Tana Hoban mai suna Black on White, na 1993, irin wannan ne: ba rubutu ko ɗaya, sai baƙaƙen siffofi a kan farin shafi.

Daga wata huɗu zuwa takwas yaro zai fara kai hannu, kuma duk abin da ya kama sai baki. A nan ana son littafin kwali mai kauri ko na ƙyalle, mai launi garau, hoto ɗaya tal a kowane shafi.

Daga wata tara zuwa shekara ɗaya da rabi zai fara nuni da yatsa, ya juya shafi da kansa, ya so abin da ake maimaitawa. Ga masu waɗannan watanni, littattafai biyu sun yi suna. Na farko shi ne The Very Hungry Caterpillar na Eric Carle, na 1969, labarin wata tsutsa mai ci ba ƙoshi da ta rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi. Shafukan suna da huji da yaro ke zura yatsa. Na biyu ya fi kusa da mu, wato Baby Goes to Market na Atinuke, marubuciya haifaffiyar Najeriya, wanda ya fito a 2017, akwai shi kuma da Faransanci. Yaro ne a goye a kasuwa, masu sayarwa suna miƙa masa ayaba da lemo da gasasshiyar masara, yana cin ɗaya yana jefa sauran cikin kwandon da ke kan uwarsa, ita ba ta sani ba. Duk ɗan da aka taɓa goyawa zuwa kasuwar Laraba ta Ƙonni ya san wannan duniyar.

Ƙa'idar ita ce, hoton abin da yaro ke gani a tsakar gida ya fi masa amfani a kan hoton dusar ƙanƙara ko jirgin ƙasa.

Mataki na biyu: nemi inda ake samu

In kina da babbar waya, ko akwai mai ita a gidan, a duba African Storybook da StoryWeaver a intanet. Dukansu suna da labarai masu hotuna da Hausa, kyauta, kuma an yarda a sauke a buga. A zaɓi masu ƙarancin rubutu, a kai wa masu buga takardu su fitar, sannan a manna a kan kwali kamar yadda bayani zai zo. A Yamai, maɗaba'ar Gashingo da ta Albasa sun fitar da littattafai cikin harsunan ƙasa. Mai zuwa Sakkwato ko Maraɗi ma ana iya ba shi saƙo. Littattafan Ka Koyi Karatu da Magana Jari Ce kuwa a ajiye wa yayyensa, takardarsu ba za ta jure hannun jariri ba.

Kada a miƙa masa wayar ya kalla. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ba a so yaron da bai cika shekara ɗaya ba ya zauna gaban allon waya ko talabijin, an fi so a karanta masa ko a ba shi labari.

Mataki na uku: haɗa naki da hannunki

Wannan shi ya fi sauƙi, kuma shi ya fi dacewa da ɗanki. Ki tanadi kwali mai tsabta, almakashi, farar takarda, alƙalamin launi, babbar allura da zare mai ƙarfi, faffaɗan salatif, da abin manni. Ƙaro da aka jiƙa ko kunun sitaci mai kauri sun wadatar.

Wajen zaɓen kwali a yi hattara. Na taliya ko na biskit ko na shayi su ne daidai. Kwalin da ya ɗauki maganin feshi ko takin zamani, irin waɗanda ke yawo a garaken albasa na Galmi da Dogarawa, kada ya kusanci yaro. Haka takardar buhun siminti, duk da yawanta a yankin Malbaza, da kwalin sabulun wanki da na maganin sauro. Kada kuma a yi amfani da takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah, domin littafin nan zai sha tauna da jifa.

Sai ki yanka kwalin gida biyar ko shida, kowane santimita 15 tsawo da faɗi. Ki zagaye kusurwoyin da almakashi don kada su soke masa ido ko dasashi. Ki manna farar takarda gaba da baya, ki danne da wani abu mai nauyi har ta bushe.

A kowane shafi ki sa abu ɗaya, babba, a tsakiya: ƙwarya, ludayi, buta, turmi, albasa, tumatir, akuya, zakara, amalanke, babur. In ba ki iya zane ba, ɗan makarantar gidan zai yi, ko ki yanko daga tsohuwar kalanda, ko ki yanka siffar daga ragowar atamfa. Gidan da ba a son hoton mai rai, kayan girki da na gona da ababen hawa sun isa su cika littafi uku. Inda ba a damu ba kuwa, a wanke hoton Inna da Baba da Kaka daga waya a sa, domin ba abin da jariri ke so kamar fuskar da ya sani. A ƙarƙashin kowane hoto a rubuta sunan abin da manyan baƙaƙe, da boko ko ajami, don amfanin yayyen da za su karanta masa.

Ki rufe kowane shafi da salatif tsaf, har gefunan, saboda yawu. Daga nan ki huda gefe ɗaya wuri uku, ki ɗinke da zare, ki ƙulle tam, ki yanke saura. Ko ki kai wa baduku ya ɗinke miki. Ban da ƙusar maƙala takarda, ban da maɓalli, ban da duwatsun ado, domin suna iya ɓallewa su shaƙe yaro. In littafin ƙyalle kike so, tela zai haɗa miki daga ragowar yadi, kuma shi ana wanke shi.

Mataki na huɗu: zaɓi lokaci, ki gyara zama

Yaro mai jin yunwa ko barci ba ya kallon littafi. Ki bari sai ya sha nono ya yi gyatsa, ko bayan wankan yamma, ko da hantsi a inuwa kafin rana ta yi zafi. Ki wanke hannu, ki rage ƙarar rediyo, ki zauna a tabarma ki ɗora shi a cinya, bayansa jingine da ƙirjinki, littafin a gabanku ku biyu. Ƙaramin da wuyansa bai tsaya ba, ki tallafe shi a hannu ɗaya ki riƙe littafin da ɗayan. Minti biyu zuwa biyar sun isa da farko. Kaɗan kullum ya fi mai yawa sau ɗaya a mako.

Mataki na biyar: nuna, faɗa, jira, ƙara

A nan aikin yake. Ki ɗora yatsa a kan hoton, ki ce, "Ga akuya! Akuya ce. Me akuya ke cewa? Meee!" Sai ki yi shiru ki dubi fuskarsa. In ya buga shafin da tafin hannu, ko ya ce "aa", ko ya ɗago ya dube ki, amsarsa ke nan. Ki karɓa: "Yauwa, akuya! Irin tamu mai jan wuya, ga ta can bakin turke." Ki nuna masa ta gasken in tana kusa. Wannan jiran shi mutane suka fi tsallakewa, kuma a cikinsa yaro ke koyon cewa magana ba da karɓa ce.

Ki bi inda idonsa ya tafi. In kina kan zakara shi kuma ya koma kan buta, ki bar zakara ki yi zancen buta. In ya fara daga shafin ƙarshe, ko ya kife littafin, ko ya kai shi baki, ba laifi. Ki ɗaga murya ki sauke, ki ja wasali, ki haɗa da waƙar reno da kika gada. In ya kai shekara, ki juya tambayar: "Ina albasa? Nuna mini albasa." In ya nuna tumatir, kada ki ce ya yi kuskure, ki ce, "Wannan tumatir ne, ja. Ga albasa nan."

Ko da rubutun da Faransanci yake ko Ingilishi, ki yi masa da harshen da kuka fi sakewa a cikinsa, Hausa ko Tamashek ko Fulatanci. Harshen makaranta zai zo a lokacinsa, kuma ya fi zama daram a kan yaron da ya ƙoshi da na gida. Da zarar ya kau da kai, ko ya fara miƙa yana ƙunƙuni, ki rufe. Gobe ma rana ce. In kuma ya nace kan littafi ɗaya har kin gaji da shi, ki daure, da maimaici yake koyo.

Mataki na shida: sa mutanen gida a ciki

Mai ɗan fari takan ji nauyin a gan ta tana wasa da shi gaban surukai. Sai ta yi nata a ɗaki, a tsakar gida kuma kaka ko gwaggo ko 'yar reno su karɓa. Kaka ma ta fi kowa iya sauya murya, tunda ta saba da Gizo da Ƙoƙi. Maigida in ya dawo daga gona ko kasuwa, minti biyar kafin tuwon dare ba za su rage shi da komai ba. Yayye 'yan makaranta kuwa riba biyu ce: suna yi wa ƙane hira, suna ƙarfafa nasu karatun.

Mataki na bakwai: adana, ki yi musaya

Bayan kowane zama ki goge shafukan da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan, ki shanya. Ki duba ko salatif ya ɗago ko zare ya saki, ki gyara kafin ki sake ba shi. Ki ajiye cikin kwalla ko kwano mai murfi saboda gara da ɓera da danshin damina. In ku biyar ne a unguwa kowace ta haɗa biyu, kun sami goma. Sai ku riƙa musaya ranar zubin adashi ko ranar awon yara, ana gogewa kafin a miƙa.

Abu ɗaya na ƙarshe: in kin lura yaro ba ya bin hoto da ido bayan wata uku, ko ba ya juyowa in an yi magana bayan wata shida, ki faɗa wa ma'aikatan lafiya ranar rigakafi, kada ki jira. In kuwa lafiya lau yake, kada ki tsaya jiran a kawo miki littafi daga Yamai. Ki nemi kwalin taliya a wajen mai shago yau, ki zana ƙwarya da ludayi, ki fara da shi bayan wankan yamma.