Nauyin Harsashi: Yadda Turawan Ingila Suka Rarrabe Igwoginsu

Masarautar Gumel, wadda ta haɗa Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta shiga hannun Turawan Ingila a 1903 ba tare da yaƙi ba, zamanin Sarki Ahmadu. Maƙwabciyarta Haɗejiya kuwa ta ja daga a 1906, aka buɗe mata igwa, Sarki Muhammadu ya rasu a fagen fama. Wannan makami da ya sauya tarihin yankin yana da tsarin suna na musamman, wanda ya kamata ɗalibin kimiyya ya fahimta.

Da farko dai, a wancan zamani Turawan Ingila kan kira igwa da nauyin harsashin da take harbawa, ba da nauyin ita kanta ba. Ma'auninsu shi ne laba, wato kimanin giram 454. Ke nan igwa mai laba 7 tana cilla harsashi mai nauyin kilogiram 3 da 'yan kai.

Asalin wannan tsari shi ne, a da harsashin igwa dunƙulallen ƙarfe ne, kewayayye kamar ƙwallo. Tun da ƙarfen iri ɗaya ne, duk wanda ya san nauyinsa ya san faɗin bakin igwar. Idan aka ninka faɗin ƙwallon sau 2, nauyinsa zai ninku sau 8, domin girman jiki ta fuskoki uku yake ƙaruwa.

Amma tun daga tsakiyar ƙarni na 19, da aka koma ƙera harsashi dogo mai tsini, sai wannan lissafi ya daina aiki. Alal misali, igwa mai laba 7, irin wadda aka yaƙi Bida da ita a 1897, faɗin bakinta milimita 76 ne. Wadda Kanar Morland ya kai Kano a 1903 kuwa milimita 75 ce, amma harsashinta laba 12 da rabi. Baki kusan ɗaya, nauyi kusan ninki biyu. Shi ya sa aka riƙa kiran wasu igwogi da faɗin bakinsu, ko da yake tsohon suna bai mutu ba: mai laba 18 ta yi Yaƙin Duniya na Ɗaya, mai laba 25 ta yi na Biyu.

Nauyin yana da muhimmanci ta fuska biyu. Harsashi mai nauyi ya fi ɗaukar abin fashewa, amma yana bukatar igwa babba. A ƙasar da ba hanyar mota, dole a kwance igwa gunduwa-gunduwa, 'yan dako su ɗauka a ka. Saboda haka ƙanana kawai ake iya kawowa. A Kano, kaurin ganuwa ya shanye ƙarfin harsasan, sai da aka juya igwogin kan ƙofa kafin a sami shiga.

A taƙaice, lambar da ke jikin sunan igwa tana nuna abin da take iya rusawa, da kuma wahalar kai ta fagen fama.